Neman Faifai Wayam a Kasuwar Gangara

A shekarun da na riƙe aikin sakataren kwamitin gonaki na ƙaramar hukumarmu, a gundumar Gazawa, babu kalmar da na tsana kamar «formate». Kalma ce ta masu gyaran kwamfuta na birni, ma'anarta kuwa a shafe duk abin da ke cikin na'ura, a mayar da ita kamar ranar da aka ƙera ta. Da ita suke maganin kowace cuta. In kwamfuta ta yi nauyi, formate. In ta ƙi tashi, formate. Na taɓa ganin wani daraktan lakol, wato shugaban makaranta, da ya kai tasa saboda harafi guda da ya maƙale, aka dawo masa da ita tana walƙiya, babu sunan ɗalibi ko ɗaya a ciki, mai gyaran kuma yana tsaye yana jiran godiya. Mutumin da bai taɓa zama a rana yana rubuta iyakar gonar wani ba, ba zai san nauyin abin da yake sharewa da yatsa guda ba.

Kwamfutar da nake magana a kanta ta hannu ce, baƙa, mai nauyi, wadda wani proje, wato shirin taimakon raya karkara, ya bar mana lokacin da ya tattara kayansa. A cikinta akwai wata manhaja da mutanen projen suka ƙera musamman domin aikinmu. A cikin manhajar kuwa akwai gonakin garuruwanmu: wanda ya gada, wanda ya saya, wanda aka ba aro, da iyakar kowace gona gabas da yamma, kudu da arewa, da shaidun da suka tsaya, da burtalan da aka ware wa makiyaya da faɗin kowanne. Ni na shigar da su da hannuna, gari bayan gari, daga bakin masu gari da dattawa, waɗanda da yawansu yanzu sun riga mu gidan gaskiya. Takardun asali sun zauna a wani ɗakin ajiya da rufinsa ya yi yoyo wata damina, gara kuma ta ƙarasa abin da ruwa ya rage. Ina da kwafin bayanan a kan kile, ɗan abin ajiyar nan da ake tsirawa a gefen na'ura, amma kwafin ba ya buɗuwa sai da waccan manhaja, manhajar kuwa babu ita a ko'ina sai a cikin wannan kwamfuta, domin waɗanda suka ƙera ta sun watse, lambobin wayarsu sun daina shiga. Saboda haka in aka yi mata formate, abin da zai rage a hannuna shi ne rumbu cike da hatsi wanda babu ta inda za a shiga.

Ciwon ya fara ne a tsakiyar bazara, lokacin da mutane ke sassabe suna kai taki gona, lokacin kuma da rigimar iyaka ke tsirowa tun kafin gero. Sai in kunna ta da safe, ta tsaya a kan baƙin allo, ta yi dogon tunani, ta mutu, ta sake tashi da kanta. Wata rana takan farka a karo na biyu, wata rana sai na kai ga yin addu'a. Da ta farka kuwa lafiya lau take aiki har yamma. Daga nan na fahimci cewa ba jikinta ne ya lalace ba, hanyar da take bi ta farka ce ta fara toshewa.

Shugaban kwamitinmu tsohon malamin gona ne, mutumin kirki, mai son a gama magana da wuri. Wata safiya ya same ni ina zaune gaban baƙin allon.

«Sakatare,» in ji shi, «wagga na'ura taka ta gaji. Direba zai tahi Maradi sati mai zuwa ɗauko iri. A sa mishi ita cikin jaka, ya kai ma masu gyara.»

«Ranka ya daɗe, in ta je za su yi mata formate.»

«To su yi mata mana. Ba gyara ba ne?»

«Irin gyaran wanda aka kai wa mai ciwon kai ya fille kan ne.»

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Na zayyana masa abin da za a rasa, na ambaci garuruwa da sunayensu, har na ga ya fara kallon ƙofa. A ƙarshe ya ce shi ba zai iya barin buro, wato ofishinmu, babu na'ura mai aiki ba ana gab da shuka, amma ya ba ni zuwa ranar tafiyar direba. In na warkar da ita kafin nan, madalla. In ban warkar ba, jaka.

Abin da nake da shi a zuciya shi ne faifan ceto. A horon da aka yi mana a Agye zamanin projen, an nuna mana cewa kwamfuta tana iya rubuta wa kanta magani a kan faifai tun tana iya tashi, ta yadda ranar da ta kasa sai a sa mata faifan, ta tashi ta kansa, ta gyara hanyarta, ba tare da an taɓa ko harafi guda na abin da ke cikinta ba. An yi mana alkawarin kwalin fayafayai domin wannan aiki. Har projen ya tafi ba mu ga kwalin ba, duk da tunatarwar da na yi ta yi. Sharaɗin aikin guda ne: faifan ya zama sabo, wayam, wanda ba a taɓa rubuta komai a kansa ba.

Sai dai zamanin faifai ya wuce a wajenmu, kowa ya koma zuba karatu da waƙa a memorin waya. Mutum ɗaya na sani wanda zai iya samun saura, shi ne taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, mai rumfa a kasuwar Gangara, inda yake cajin wayoyi yana zuba wa mutane abin saurare. A da shi ne mai sayar da fayafayai na yankin. Tsakanina da shi akwai wasan taubasantaka tun muna yara, wasan da shi yake jin daɗinsa fiye da ni. Na kira shi.

«Kai bawana,» ya ce, «yau ka tuna da ubangidanka?»

«Ba wasa na kira ba. Kana da sauran fayafayai?»

«Faifai? A wanga zamani? Ko tsuntsaye za ka kora a gona da su?»

«Na aikin buro ne. Sababbi nake so, wayam. Ka ji ni da kyau: wayam, kada a sa komai a ciki.»

«Na ji, Mushe, na ji. Wayam. Kwantar da hankalinka.»

Mushe shi ne yadda ake kiran ɗan boko mai aikin gwamnati a wajenmu. Ya maimaita kalmar wayam da bakinsa, a kan wannan ina da yaƙini. Kashegari ɗan kabu-kabu ya kawo mini ƙunshi: fayafayai uku, kowanne cikin farar rigar takarda, da leda cike da aya, da gaisuwar gwaggona.

Matsala ta farko ba ta ma jira na sa faifai ba. Ɗan faranti da ke fitowa daga gefen kwamfutar domin karɓar faifai ya ƙi buɗewa, domin tun tafiyar projen babu wanda ya taɓa shi. Na miƙar da ƙarfen maƙale takardu, na tura shi cikin ɗan ramin da aka yi domin irin wannan rana, farantin ya fito da ƙara kamar tsohuwar ƙofa. A ciki na tarar da gawarwakin ƙananan tururuwa, ɗan idon gilashin da ke karanta faifai kuma ya dushe. Da na sa faifai haka nan, na'urar ta ce ba ta ga komai ba. Na naɗa auduga a kan tsinken ashana, na share idon a hankali, na hure farantin, na mayar da faifan. Sai na ji yana juyawa a ciki, sautin da ya yi mini daɗi ƙwarai.

Daɗin bai daɗe ba. Na buɗe wurin da ake ba da umarnin yin faifan ceto, na danna, sai wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allo yana cewa aikin bai yiwu ba. Dalilin da ya bayar kuwa wata doguwar lamba ce mai farawa da sifili, gauraye da haruffa. Na yi shekaru ina rubuta takardun hukuma, kuma ƙa'idar da aka koya mini ita ce in za ka hana mutum abu, ka faɗa masa dalili cikin harshen da zai gane. Da na taɓa sallamar manomi daga buro da cewa buƙatarsa ba ta yiwu ba saboda sifili da wasu haruffa, da an kai ƙarata wurin mai gari kafin azahar, kuma da an yi daidai. Amma ga waɗanda suka ƙera na'urar da duniya ke aiki da ita, sun ga wannan ya isa bayani.

Bayan buronmu akwai wani ɗan tudu inda rezo, wato layin sadarwa, ke kama waya. Can na hau, na tsaya ƙarƙashin aduwa, na rubuta lambar a wayata, na yi ta karanta koke-koken mutanen wasu ƙasashe cikin Faransanci, waɗanda su ma lambar ta tsaya musu a wuya. Kowa da nasa maganin, wasu ma formate suke cewa, abin da ya nuna mini cewa cutar ba ta masu gyaranmu ba ce kaɗai. Na sauko da shawara guda: ba zan sauya abu biyu a lokaci ɗaya ba, domin in aka dace in san wanda ya yi aiki. Na cire igiyar na'urar buga takardu, na gwada, lambar ta dawo. Na cire kile, ta dawo. Na dakatar da manhajar tsaro, ta dawo, ba ta ko sauya harafi ba. Sai da na bi jerin abubuwan da ke aiki a ɓoye ɗaya bayan ɗaya na gano wata tsohuwar manhajar rubuta faifai da mutanen projen suka bari, wadda ke kama farantin ta riƙe da zarar an sa faifai, kamar mai gadin da aka manta ba a sallama ba, yana hana mai gida shiga gidansa. Na rufe ta, na gwada. Lambar ta ɓace, ba ta sake dawowa ba.

A madadinta wani saƙo ya fito, wannan karon cikin magana sosai: a sa faifai wayam.

Na cire faifan, na duba shi, na mayar. A sa faifai wayam. Na sa na biyu, na sa na uku. Amsar ba ta sauya ba. Shugaba ya leƙo, ya karanta saƙon ta saman kafaɗata.

«Ba wayam ɗin ba ne ka sa mata?»

«Shi ne, ranka ya daɗe.»

«To ka gani. Ta fara ganin abin da babu. In tsoho ya kai nan, asibiti ake kai shi.»

Na zauna na auna maganar kamar yadda nake auna shaidu biyu da suka saɓa. A gefe guda ga na'urar da ta yi makonni tana tuntuɓe, wadda ɗazu ta gama yi mini magana da sifili. A ɗaya gefen ga taubashina, wanda duk da yawan surutunsa ban taɓa jin ya cuci kowa ba, wanda kuma ya maimaita mini sharaɗin da bakinsa. Kowane alƙali zai fara tuhumar na'urar. Na sake share idon gilashin, na kashe ta na kunna da fargaba, na sake bin duk abin da na bi, har wuni ya tafi.

Washegari da hantsi ina tsaye bakin taga ina goge ɗaya daga cikin fayafayan da hannun rigata, sai na juya cikinsa ga haske. Na ga launi biyu. Daga tsakiya zuwa kusan baki ya ɗan yi duhu, sannan wani siririn zobe mai haske ya kewaye shi, kamar fadamar da aka yi wa ban-ruwa aka bar gefenta a bushe. Na ɗauko na biyu, duhunsa bai kai na farko faɗi ba. Na uku kuma nasa daban. Kamfani in ya ƙera kaya iri ɗaya yake yin su. Wannan bambanci aikin hannun mutum ne.

Na mayar da na farko cikin na'ura, na bar wurin yin faifan ceto, na shiga ta inda ake duba abin da ke cikin faifai. Mutanen projen sun hana kwamfutar buɗe komai da kanta saboda tsoron ƙwayar cuta, shi ya sa ba ta taɓa nuna mini ba. Sai ga jerin surori, tun daga Fatiha har Nasi, sauka guda cif. A faifai na biyu wa'azi ne a kan rabon gado da haramcin cin iyaka. A na uku kiɗan ƴan kokowa.

Ban taɓa jin fushin da ya rasa wurin sauka kamar na wannan safiya ba. Na'urar da na tuhuma gaskiya take faɗa tun jiya. Mutumin da na wanke ya ci mini wuni biyu daga cikin ƴan kwanakin da aka ba ni. Abin da ya ci mini su da shi kuwa Alƙur'ani ne, wanda ba a jefarwa, ba a yi masa tsaki. Na ɗauki faifan da hannu biyu na ɗora a saman kantar takardu, sannan na fita na zagaya buron har numfashina ya daidaita.

Ranar kasuwar Gangara ta faɗo kafin ranar tafiyar direba, wannan kaɗai ne sa'ar da na samu. Na hau moto, wato babur ɗina, tun da sanyin safiya, na bi ta cikin gonakin da aka share suna jiran ruwa, ina wuce amalanken jakuna masu ɗauke da buhunan aya da makiyaya masu kora awaki. Rumfar taubashina ta kwano ce, da farantin sola a kan rufi, wayoyi jere a kan tebur kowace da igiyarta kamar tumakin da aka ɗaure a turke. A kan benci akwai masu jiran caji, ciki har da wani dattijo mai carbi da wani makiyayi da sandarsa a kafaɗa.

«Ga bawana da kansa!» in ji taubashina. «Ku matsa mishi, ya zo godiya.»

Na gaisa da mutanen benci yadda ya kamata, sannan na juya gare shi.

«Me na ce maka a waya?»

«Ka ce wayam.»

«Me ka aiko mini?»

«Sauka guda, da wa'azin da ya dace da aikinka, da ɗan kiɗa don ranar da ka gaji da ɗaure fuska. Wuni na yi ina zaɓa maka.»

«Na ce kada a sa komai.»

«Haka kowa ke cewa. Baƙo ma in ka kawo mishi tuwo cewa yake ya ƙoshi. Ka taɓa ganin an ɗauke akushin?» Ya juya ga benci ya ware hannuwa. «Jama'a, ku yi muna shari'a. Ɗan kawuna, sakatare guda, ya aiko in ba shi faifai, yana jin nauyin ya sa ni aiki. Ni kuma sai in ɗauki abu fanko in aika mishi? In tsohuwa ta ji, ina zan sa kaina? Kwano ma in maƙwabta suka aiko da shi, ba a maida shi haka nan.»

Benci ya amsa da cewa gaskiyarsa. Dattijon mai carbi ya dube ni da tausayi.

«Mushe, kai da aka ba Alƙur'ani kake fushi? Wasu nema suke.»

A nan na gane cewa taubashina bai yi kuskuren ji ba. Ya ji sarai, ya kuma fassara maganata yadda duk mai tarbiyya a ƙasarmu zai fassara ta: ya ɗauka kara nake yi masa. Na gane kuma cewa in na ɗaga murya zan fita daga kasuwar nan a matsayin ɗan bokon da ya raina karatu, ba tare da faifai ba. Na zauna a bakin bencin.

«Baba,» na ce wa dattijon, «karatun yana wurina a sama, a wuri mai tsarki, kuma na gode. Amma in ka nemi gona domin ka shuka gero, aka ba ka wadda wani ya riga ya shuka dawa har ta tsiro, za ka shuka a kai?»

«A'a, sai dai in tuge.»

«Wannan irin faifai ba a tuge shi. Sau ɗaya ake shuka a kansa har abada. Ni kuwa akwai abin da dole in shuka kafin sati ya fita, in ba haka ba a kai na'urar buro birni a shafe ta.»

Na faɗa musu abin da ke cikin na'urar. Ban ƙara gishiri ba, na ambaci garuruwa ne kawai, na ce iyakokinsu suna ciki, takardun kuma gara ta cinye. Makiyayin ya sauke sandarsa.

«Burtalin da ya bi ta bayan garinmu, yana ciki?» Ya faɗi sunan garin.

«Yana ciki, da faɗinsa, da waɗanda suka shaida.»

«In aka shafe fa?»

«Sai abin da kowa ya ce ya tuna.»

Ya juya ga taubashina. «Ba shi abin da ya ce.»

Dattijon ma ya daina jan carbi, ya tambayi wata gona da ya ba ɗan'uwansa aro, sannan shi ma ya ce a ba ni. Taubashina ya yi ta gunaguni yana cewa an haɗa kai da bawa an ci amanar ubangida, amma ya jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin tebur, ya tono tsofaffin caja da igiyoyi, har ya fito da fayafayai biyu, na ƙarshe da suka rage masa. Ya riƙe su a ƙirji, yana kallon tasa na'urar.

«Ko Fatiha guda? Ba ta cin wuri.»

«Ko harafi.»

«Addu'ar shiga kasuwa fa? Gajeruwa ce.»

«Miƙo.»

«Wallahi tun kana yaro haka kake, fura ma gaya kake shan ta.»

Na karɓe su daga hannunsa, na fita tsakiyar rana na juya cikinsu ga haske. Launi guda ne daga tsakiya har baki. Na naɗe su a cikin hulata ta ajiya na sa a jaka. Kafin in tayar da moto ya ɓace cikin kasuwa, ya dawo da zabo ɗaure da ƙafafu, ya rataya mini a baya, yana cewa faifan dai na ci nasara a kansa, amma moton ba zai koma haka nan ba. Da kukan zabon na iso gida.

Na shiga buro da la'asar, kwanon rufi yana huci. Kwamfutar ta tashi a karo na uku. Na rufe tsohuwar manhajar nan, na sa faifai, na danna. Babu lamba, babu saƙo. Wani koren layi ya fara rarrafe daga hagu zuwa dama, na tsaya a kansa ina kallo. Ya kai wajen rabi, fankar cikin na'urar tana kuka kamar injin niƙa, sai allon ya yi baƙi. Zafi ya kashe ta. Na fito da faifan da ƙarfen maƙale takardu, na duba shi a haske: duhu ya ci rabinsa. Ya lalace, ba ya ceto, ba ya kuma karɓar wani rubutu. Saura guda.

Wannan guda ban yi masa gaggawa ba. Na bar batir ya cika, na jira safiya. Da na fito daga sallar asuba na wuce buro kai tsaye. Na ɗora kwamfutar a kan bulo biyu domin iska ta bi ta ƙarƙashinta, na jiƙa buhu na rataya a taga, na buɗe ƙofa, na cire duk wata igiya in ban da ta wuta. Na yi bisimilla na danna. Koren layin ya kama hanya. Ya iso inda ya tsaya jiya, ya yi jim, sannan ya wuce. Ina yi mata fifita da murfin kwali, ba na ko motsa tebur. Rana tana fara leƙowa farantin ya fito da kansa, allon kuma ya ce an gama. Na ɗauki alƙalami mai kauri na rubuta a bayan faifan abin da yake, da manyan haruffa, domin kada wani mai kyakkyawar niyya ya sake kusantarsa.

Ruwan farko ya sauka ana gobe direba zai tafi. Da safe ƙasa tana ƙamshi, mutane sun fita da sungumi, waɗanda kuma suka tarar maƙwabci ya riga su shuka a inda suke ganin nasu ne sun cika gaban buro. Na kunna kwamfutar. Baƙin allo, mutuwa, tashi, baƙin allo. Na ba ta dama har na gaji da ƙirgawa. A wannan rana ta ƙi farkawa sam.

Direba yana tsaye a bakin ƙofa da jaka a buɗe. Shugaba ya shigo, ya dubi allon, ya dubi jama'ar da ke waje.

«Sakatare, na cika maka alkawari. Sa ta.»

«Ranka ya daɗe, ka ba ni gwargwadon shan shayi.»

Na sa faifan, na kashe ta, na kunna ina danna maɓallin da ke sa ta tambayi ta inda za ta tashi. Fararen haruffa suka fito a kan baƙi, na zaɓi faifai. Ya fara juyawa, ya yi ta juyawa, direba yana kaɗa makullan mota. Sai allon ya yi shuɗi, ya tambaye ni harshe, ya jera mini abubuwan da zai iya. Na zaɓi gyaran hanyar tashi, shi kaɗai, ban taɓa sauran ba. Na'urar ta ce tana bincike. Shugaba ya zauna a kujerar baƙi, abin da bai saba yi ba. Wani daga waje ya leƙo ta taga yana tambaya ko an buɗe, aka ce masa ya yi haƙuri. Daga nan ta ce ta sami abin da ya toshe, ta gyara, tana neman a sake kunna ta. Na fitar da faifan, na danna.

Ta tashi a karo guda, kamar ba ita ba. Na buɗe manhajar, garuruwa suka jeru a gabana, kowanne a inda na bar shi. Na shiga na farko, na shiga na ƙarshe, na shiga wani a tsakiya. Babu gonar da ta motsa.

Shugaba ya tashi ya sa tabarau, ya sunkuya ya nemi in buɗe masa garinsu. Ya karanta iyakar gonar mahaifinsa a hankali, leɓunansa suna motsi. Sannan ya miƙe ya dubi direba.

«Mi kake jira? Tahi ka ɗauko iri, rana na yi.»

Na fito bakin ƙofa na ce na farko su shigo. Maƙwabta biyu ne, kowanne da laka a ƙafa, suna jayayya a kan wani gawo, kowa yana cewa a cikin gonarsa yake. Na tambaye su garinsu, na nemo gonar, na juya musu allon duk da ba su karatun boko, na karanta da ƙarfi: daga yamma ta yi iyaka da gawo, gawon kuwa na tsakani ne, inuwarsa ta kowa, ƴaƴansa a raba. Na karanta sunayen shaidu, cikinsu har da mahaifin ɗayansu. Suka dubi juna. Babban ya ce shi dama abin da yake faɗa ke nan tun asuba, ƙaramin ya ce ƙarya yake, ba haka ya ce ba, suka fita suna wannan sabuwar gardama, sungumansu a kafaɗa, suka nufi gona. Na kira na biye.